Jijjigar jarirai sabbin haihuwa: wane magani za a fara da shi, kuma me ya sa yake wuyar samu?

Ma'aikaciyar lafiya, yankin Gwadabawa

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitocin yara da masu harhaɗa magani kan jijjigar jariri a kwana 28 na farkon rayuwa.

Abin da ke faruwa a ƙananan asibitoci shi ne, a kawo jariri ɗan kwana ɗaya ko biyu yana fizge-fizge, a rubuta wa uban allurar fenobabiton, ya zaga kemis-kemis ya dawo hannu rabbana. Ko kuma ya dawo da dayazifam, don mai kemis ya ce masa duk aikinsu ɗaya. A cikin birni kuma wasu sun koma rubuta lebetirasitam, wai shi ne na zamani, ga shi ba kowane uba ke iya sayensa ba. A gefe guda ana ta rubutu a intanet cewa kasuwar maganin jijjigar jarirai tana haɓaka a duniya, har an yi wa wata sabuwar allura rajista a Amurka.

To mu nan wanne za mu kama? Me ya kamata a yi wa jaririn tun daga minti na farko har a sa shi a mota zuwa Sakkwato, kuma da wane awo? Me ya sa maganin da littafi ya ce a fara da shi ya fi kowanne wuyar samu?

Likitan yara, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Sista. Kafin a je ga allura, a tabbatar jijjigar ce. Ta jariri ba irin ta babban yaro ba ce, wadda jiki duka ke sandarewa. Takan zo a ɓoye: ido ya kafe ko ya karkata gefe guda, baki ya yi ta tsotso ko taune-taune babu nono a ciki, ƙafafu su riƙa harbawa ɗaya bayan ɗaya, hannu guda ya riƙa fizga a jere, ko numfashi ya ɗauke leɓe ya yi duhu. Akwai kuma rawar jiki wadda ba jijjiga ba. Ki riƙe hannun da ke rawa ki lanƙwasa shi a hankali. In ya tsaya, rawar jiki ce. In kina jin yana ci gaba da fizga a cikin tafinki, jijjiga ce. Mai rawar jiki idonsa lafiya lau, kuma ƙara ko taɓawa ke tayar masa da ita. Shi ma dai a auna masa sukari. In da mai waya a kusa, ya ɗauki bidiyo na rabin minti, domin kafin a iso babban asibiti abin ya lafa, likitan da zai karɓi jaririn bai ga komai ba.

Jijjiga a jariri kusan kullum alama ce ta wani abu da ke taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ranar da ta fara tana nuna inda za a duba. A rana ta farko, musamman wanda bai yi kuka ba da aka haife shi bayan doguwar naƙuda, ƙarancin iska ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ya fi kowane dalili yawa. Ƙarancin sukari shi ma na kwanakin farko ne, ya fi kama bakwaini, da ƙaramin jariri, da ɗan mai ciwon sukari, da wanda ba a sa a nono da wuri ba. Kwana 2 zuwa 3 a yi tunanin ƙarancin kalsiyam da zubar jini a kai. Daga nan zuwa sama, ƙwayar cuta a jini, sanƙarau, shawara mai tsanani da tsinkau-tsinkau, wato tetanos.

Ga yadda aikin yake. A kwantar da shi a gefe, a zuƙe majina in ta toshe hanya, a sa oksijin ta hanci rabin lita zuwa lita 1 a minti. Jakar hura iska da abin rufe fuska mai lamba 0 ko 1 su kasance a kan gadon kafin a zuƙi kowace allura. Sai sukari. A lura da mita: wata tana lissafi da milimol, wata da miligiram. Ƙasa da 2.6 a ta farko, wato kusan 47 a ta biyu, ya yi ƙasa. A ba da ruwan gulukos mai kashi 10, mil 2 a kowane kilo, ta jijiya a hankali. Jariri mai kilo 3 mil 6 ke nan. In babu mita ko tsinken awo ya ƙare, a ba da shi haka nan, ba a jira. Mai kashi 50 ba a tura wa jariri kai tsaye, yana ƙona jijiya kuma yana iya jawo lahani a ƙwaƙwalwa. In shi kaɗai ke hannu, mil 1 nasa da mil 4 na ruwan haɗa allura ya zama mai kashi 10. Bayan nan a ɗora ƙarin ruwa ya ci gaba, mil 60 a kowane kilo a rana ta farko, in ba haka ba sukarin zai sake faɗuwa. A sake awo bayan minti 30.

In jijjigar ta wuce minti 3, ko tana ɗaukewa tana dawowa, sai fenobabiton: miligiram 20 a kowane kilo, ta jijiya, cikin minti 15 zuwa 20. Mai kilo 3 miligiram 60. In an rasa jijiya a yi ta a cinya da wannan awon. In bayan kamar rabin awa ba ta tsaya ba, a ƙara miligiram 10 a kowane kilo, a iya sake wani 10 ɗin, amma jimla kada ta wuce 40 a kowane kilo. Kowane ƙari yana ƙara haɗarin ɗaukewar numfashi da faɗuwar bugun jini, don haka mutum ɗaya ya tsaya a kan jaririn yana ƙirga numfashi, ba a bar shi a tafi wani aiki ba.

Maganar dayazifam kuwa, mai kemis bai faɗi daidai ba. Aikinsa na tsayar da jijjiga gajere ne, ya gushe ya bar jariri a galabaice da raunin numfashi, kuma in aka haɗa shi da fenobabiton haɗarin ɗaukewar numfashi ya ninka. Sinadarin da ake adana allurarsa da shi kuma yana sakin sinadarin shawara a jini ya samu hanyar shiga ƙwaƙwalwa. Inda yake da gurbi a jariri shi ne tsinkau-tsinkau, shi ma a asibitin da ke iya sa ido.

Duk jaririn da ya yi jijjiga a ɗauka yana da ƙwayar cuta har sai an tabbatar babu. Kafin mota ta tashi a ba shi ampisilin miligiram 50 a kowane kilo da jentamaisin miligiram 5 a kowane kilo. A babban asibiti za a ɗebi ruwan baya a duba sanƙarau, wanda maganinsa sati 3 ne cur. Kalsiyam gulukonet mai kashi 10, wanda ake ba mai ƙarancin kalsiyam, mil 2 a kowane kilo, aikin inda ake iya sauraron zuciya ne: a tsarma shi, a tura cikin minti 10, a dakata in bugun ya sauka ƙasa da 100. In ya zube ƙarƙashin fata yana cin nama. Kuma ba a haɗa shi da seftirayazon, wani maganin ƙwayar cuta, a jariri, suna daskarewa su toshe huhu da ƙoda.

A takardar turawa a rubuta nauyi, lokacin da jijjiga ta fara, sukari nawa aka samu, wane magani, miligiram nawa, ƙarfe nawa. Rashin wannan ne ke sa a sake loda wa jariri fenobabiton a UDUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru alhali an riga an ba shi a ƙauye. A hanya ya kwanta a ƙirjin uwa fata da fata, ma'aikaci ya raka su da jakar hura iska.

Mai harhaɗa magunguna, Sakkwato

Allah ya saka da alheri, Likita. Ni zan ɗauki ɓangaren kasuwa, domin a nan ne abin ke ɓaci.

Fenobabiton tsohon magani ne. Kamfanin Bayer na Jamus ya fito da shi a 1912 da sunan Luminal, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Babu mai mallakarsa, kowa na iya yi, don haka yana da araha, ribarsa kaɗan. Sannan yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido saboda masu shaye-shaye. Mai shigo da shi sai ya nemi izini na musamman daga NAFDAC, ya riƙe rajistar shiga da fita, ya ba da bayanin inda kowane kwali ya tafi. Ɗan kasuwa ya auna wannan wahala da ɗan abin da zai samu, sai ya zuba kuɗinsa a maganin zazzaɓin cizon sauro. Dayazifam ma yana cikin wannan jerin, amma masu nemansa da yawa, manya da yara da ɗakin tiyata, don haka ba ya kwana a kanta. Allurar fenobabiton kuwa ƙaramin asibiti kan yi wata bai buƙace ta ba, sai ta lalace a hannun mai shago, ya rantse ba zai ƙara sarowa ba.

Wani abin da iyaye ba su sani ba: lasisin mai kemis bai ba shi damar sayar da allura ko maganin da aka sa wa ido ba. Tura uba kemis neman fenobabiton ɓata lokaci ne tun daga tushe. Sai famasi mai rajista ko kantin maganin asibiti.

Hanyar kayan ma doguwa ce. Mafi yawan magani da sinadaran haɗa shi daga Indiya da Sin suke zuwa, su sauka Legas, su bi ta Anacha ko Kano kafin su iso mana. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin shigo da kaya ya tashi, kuma kayan da ba sa gudu su aka fara yankewa. A 2024 aka tashi dillalan magani daga Sabon Garin Kano zuwa cibiyar Dangwauro, a watan Fabrairun 2025 kuma NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Anacha da Aba na wani lokaci don kakkaɓe jabu. Gyara ne da ake buƙata, amma duk girgizar da ta taɓa can, mu da ke ƙarshen hanya mukan ji ta a kanta.

Sabuwar allurar Amurka da kika ji labari sunanta Sezaby, ta kamfanin Sun Pharma na Indiya, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a watan Nuwamban 2022. Abin da ke cikinta fenobabiton ne, ba wani sabon sinadari ba. Gari ne a kwalba mai miligiram 100 da ake narkarwa, an cire masa sinadaran narkarwa da adanawa da ke cikin tsohuwar allura, waɗanda ke iya taruwa a jikin jariri. Ci gaba ne na gaske, amma kasuwar da ake cewa tana haɓaka ta ƙasashen da inshora ke biya ce, inda ake aiki da na'urorin awon ƙwaƙwalwa da na sanyaya jarirai. Abin da zai ceci jariri a Illela ko Goronyo shi ne kwalbar allura mai araha ta kasance a cikin akwati da ƙarfe biyun dare.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a bar wannan magani a hannun takardar saye. Asibiti ne zai ajiye, ta asusun juya magani ko ta hukumar magunguna ta jiha, a yi wa jariri, a yi maganar kuɗi daga baya. A akwatin gaggawa na ɗakin haihuwa a sa kwalba 2 ko 3 ga kowane jaririn da ake tsammani kafin sabon kaya ya zo, da gulukos mai kashi 10, tsinken awon sukari da ya dace da mitar da ke wurin, allurar jijiya mai lamba 24 mai ruwan ɗorawa, sirinji na mil 1 da na mil 10, ruwan haɗa allura, bututun hanci na ciyarwa, ampisilin da jentamaisin. Makullin ya kasance hannun mai aikin dare, ba a aljihun wanda ya tafi gida ba. Duk wata a duba ranar lalacewa, wanda ya rage masa wata 3 a yi musanyarsa da asibitin da ke yawan amfani da shi. A nisanta akwatin daga taga da rufin kwano, domin zafin Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40, ana kuwa so magani ya zauna ƙasa da 30. Tsinken awon sukari ma zafi yana ɓata shi ya riƙa ba da lamba ta ƙarya.

In za a saya, a duba lambar NAFDAC a manhajar Greenbook, a ɗaga kwalbar a haske a ga ruwan garau ne babu gari-gari, sannan a karanta ƙarfinta. Akwai mai miligiram 200 a mil 1, akwai mai 60, akwai mai 30. Wanda ya saba da ɗaya ya zuƙi ɗaya da ka, ko ya ba da ninki uku ko ya ba da abin da bai kai ba.

Nas, ɗakin jarirai

Ƙari kan awo, don a nan hannu ke kuskure. Mai kilo 3 daga kwalba mai 200 mil 0.3 kacal yake buƙata, kuma wannan ɗigon ba ya turuwa cikin minti 15. A zuƙi mil 1 a haɗa da mil 9 na ruwan haɗa allura a sirinji na mil 10. Yanzu kowane mil yana da miligiram 20, lissafi ya zama mil 1 a kowane kilo: mai kilo 2.5 mil 2.5, mai kilo 3 mil 3. Ƙari kuma rabin mil a kowane kilo. A zubar da abin da ya wuce awon kafin a jona sirinjin a jijiya, kada hannu ya zarce a tura duka. A manna takarda a jiki da sunan magani da lokaci, ragowar kuma a shigar a rajista. Ta cinya ba a tsarmawa. Sirinjin insulin kada a taɓa shi, zanensa ba na mil ba ne. Kuma a ɗora jaririn a sikeli, kada a kintata nauyi da ido.

Fenitoyin, wani maganin jijjiga da ake komawa gare shi in fenobabiton ya gaza, ruwan gishiri kaɗai yake shiga. Ya haɗu da gulukos ya daskare a bututu. A wanke layin da ruwan gishiri kafin da bayan, miligiram 20 a kowane kilo cikin minti 20 zuwa 30, ana sauraron zuciya.

Amma Likita, ina da ja kan lebetirasitam. A wurin da babu na'urar numfashi, kuma nas ɗaya ke kan jarirai da yawa, ba gara maganin da ba ya danne numfashi ba? Ba ya cikin waɗanda aka sa wa ido, ana samunsa a famasi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerinta a 2023.

Likitan yara, Sakkwato

Jan naki yana da tushe, Sista, kuma da yawa sun yi wannan fata. An gwada su kai da kai a wani bincike mai suna NEOLEV2 a Amurka da Niyu Zilan, aka buga sakamakon a 2020. An jona wa jariran na'urar awon ƙwaƙwalwa don a ga ainihin abin da ke faruwa. Waɗanda aka ba fenobabiton, kashi 80 cikin 100 jijjigarsu ta tsaya ta yi awa 24 ba ta dawo ba. Na lebetirasitam kashi 28 ne. Illolin fenobabiton sun ɗan fi yawa, amma tazarar aikin ta yi faɗin da ba za a kau da kai ba. Shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta fitar a 2023 ta bar fenobabiton a farko, kamar yadda ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011 ta yi. Lebetirasitam yana sahu na biyu tare da fenitoyin da midazolam, kuma shi ake zaɓa in jariri na da matsalar zuciya. Awonsa miligiram 40 a kowane kilo ta jijiya. In fenobabiton ya ɓace ƙaf, a ba da shi, ya fi zama hannu sake kuma ya fi dayazifam nesa ba kusa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da shi na farko don kawai shi 'yan tallan kamfani ke kawowa.

Akwai abin da ke ruɗar mu duka. Bayan an ba da magani, fizgar jiki kan tsaya alhali ƙwaƙwalwa tana ci gaba da jijjiga, kamar wutar ƙaiƙayi, sama toka ƙasa wuta. Ido ba ya ganin wannan sai na'ura. Don haka kwanciyar jariri ba dalilin fasa tura shi ba ne. Haka kuma jaririn da ya sha miligiram 40 a kowane kilo yana ta motsi, mai yiwuwa motsin ba jijjiga ba ne, ko kuma ba a gano dalilin ba. A koma kan sukari, kalsiyam, gishirin jini da sanƙarau kafin a ƙara jibga magani. In magani biyu sun gaza kuma ba a ga dalili ba, musamman inda iyaye auren zumunci ne ko an taɓa rasa jariri da irin wannan, ana gwada bitamin B6 miligiram 100, da jakar hura iska a hannu domin yana iya ɗauke numfashi. In kuma dangi suna da tarihin jijjigar jarirai da ke farawa a makon farko ta wuce da kanta, irin wannan ta fi jin fenitoyin ko kabamazifin.

Sanyaya jariri kuma, tunda an ambace shi: a ƙasashe masu ƙarfi ana saukar da zafin jikin wanda ya rasa iska zuwa digiri 33.5 na awa 72, a fara cikin awa 6 da haihuwa. Da aka gwada a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash a binciken HELIX, wanda ya fito a 2021, bai rage naƙasa ba, mutuwa ma ta fi yawa a waɗanda aka sanyaya, kashi 42 a kan 31. Kada kowa ya sa wa jariri ƙanƙara ko ruwan sanyi. A riƙe shi tsakanin 36.5 da 37.5, a kuma hana shi yin zafi, domin zafi yana ƙara ɓarnar.

Ungozoma, Bodinga

Sannunku da ƙoƙari. Rabin wannan aiki a ɗakin haihuwa da cikin gida yake. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta zaman gida ba ce, kuma allurar ƙara naƙuda da ake yi wa mata a gida tana matse mahaifa ta hana jariri iska. Wanda ya fito bai yi kuka ba, a goge shi da ƙarfi a shafa bayansa, in bai numfasa ba a fara hura masa iska cikin minti na farko, sau 40 a minti. Ba a riƙe shi da ƙafa a girgiza, ba a watsa masa ruwa.

A sa shi a nono cikin awa ɗaya. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar shi ne ke riƙe masa sukari. Ruwan da ake ɗura wa jariri saboda zafi yana tsinka gishirin jininsa, shi kansa yana kawo jijjiga. Akasin haka ma yana faruwa a bazara: nono bai kawo sosai ba, ɗaki ya yi zafi, an naɗe jariri da zannuwa, ya bushe. A ƙirga fitsari, daga kwana na 5 ya kamata ya jiƙa zane sau 6 a rana.

Cibiya a bar ta da man kulohekzidin, wanda aka fara rabawa gida-gida a Jihar Sakkwato tun 2013. Ba toka, ba man goge haƙori, ba gashi da tsumma. Tsinkau-tsinkau yana da kamanninsa: jariri ya sha nono lafiya kwana biyu ko uku, sannan tsakanin kwana 3 da 14 baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya sandare, baya ya banƙare in an taɓa shi ko an yi ƙara, kuma yana cikin hayyacinsa. Rigakafin uwa a wurin awo ne ke hana shi. Shawara kuma a duba ta da hasken rana, a danna hanci ko ƙirji. In ta fito a rana ta farko ko ta kai tafin hannu da ƙafa, asibiti nan take, ba shanya a rana ba. A cire kafur daga kayan jariri, kada a sa masa lalle, domin akwai jariran da waɗannan ke fasa musu jini. Allurar bitamin K miligiram 1 a cinya ranar haihuwa tana hana zubar jini a kai, kuma ta fi zama dole inda za a kira wanzami.

In jijjiga ta kama a gida, ba a sa cokali a baki, ba a ɗura zuma ko jiƙo ko rubutu, domin yana shaƙewa ya shiga huhu. Ba a turara masa hayaƙi. Mu gaya wa kakanni da ladabi cewa a yi addu'a ana tafiya asibiti.

Ma'aikaciyar lafiya, yankin Gwadabawa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya, Likita. Ana sallamo jarirai da fenobabiton na sha, iyaye su yi wata da watanni suna saye, wasu su dawo wurinmu a sabunta musu takarda. Har yaushe ake ci gaba?

Likitan yara, Sakkwato

Ga mafi yawansu bai kamata a kai gida da shi ba. Bayan lodin farko, in ana buƙatar ci gaba, miligiram 3 zuwa 5 ne a kowane kilo a rana, a fara bayan awa 12 zuwa 24, domin maganin yana daɗewa a jikin jariri, rabinsa kan ɗauki awa 100 ko fiye kafin ya fita a makon farko. Mai kilo 3 rabin ƙwaya mai miligiram 30 ya ishe shi, a niƙa a cikin nonon da aka tatsa. A yi hattara da na ruwa, wani yana ɗauke da barasa har kashi 38 cikin 100, bai dace da jariri ba. In dalilin jijjigar mai wucewa ne, kamar ƙarancin iska ko sukari ko ƙwayar cuta, kuma ta yi awa 72 ba ta dawo ba, jariri yana tsotso yana motsi daidai, a tsayar da maganin kafin sallama. Wani bincike a Amurka da ya fito a 2021 ya bi irin waɗannan yara har shekara 2, bai ga bambanci a girma ko kamuwa da farfaɗiya tsakanin waɗanda aka tsayar wa da waɗanda aka ci gaba da ba su ba. Ci gaban sai dai ya sa jariri barci ya kasa shan nono.

Waɗanda ake bari a kai su ne masu farfaɗiyar da ta fara tun jarirantaka, kuma likitan yara ne zai yanke wannan. Wanda ya zo miki ya riga ya yi watanni yana sha, kada ki sabunta, kada kuma a yanke lokaci guda, ki mayar da shi asibitin da ya rubuta a rage a hankali. A duk zuwan rigakafi ki auna zagayen kai, ki duba riƙe wuya a wata 3 zuwa 4 da zama a wata 6 zuwa 9, ki tambayi uwa ko yana juyowa in an yi ƙara. In ta ce yana dunƙulewa yana sunkuyar da kai sau da yawa a jere in ya farka daga barci, wannan wata jijjiga ce daban mai buƙatar magani na daban, ki tura shi a ranar. Rigakafinsa kuma a yi masa a kan lokaci kamar kowane yaro.